Rasuwar Dogo, Injin Busar da Dusar Dankali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Alhaji Sada mai kiwon turke na bayan tashar jirgi a Funtua nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da masu shanu na Malumfashi da Ƙarfi da Musawa da Matazu, rasuwar injina na busar da dusar dankali, wanda yaro da babba suka sani da Dogo. Ya rasu ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Satumba na 1966, jim kaɗan bayan an sauko daga masallaci, yana da shekara biyar da 'yan watanni a duniya. Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi da rana tsaka, da gatari da diga da guduma, kuma gudumar farko a hannuna take. A lokacin da ake kashe shi akwai mutum biyu kwance a cikinsa, Marcellinus makaniki da matarsa Ebele, mutanen Gabas, waɗanda ni na saka su ciki don in tsirar da ransu. Wanda ya ga ba zai iya jin sauran ba ya tsaya nan, na yafe masa gaisuwar.

Asalin marigayin daga ramin wari ya fito, ban ga dalilin ɓoyewa ba. Ebele sitaci take yi. Takan sayi dankali buhu-buhu, mata su gurza, a tace, a bar ruwan ya kwanta, a kwashe farin da ke ƙasa a sayar wa masu wanki da guga. Abin da ya rage bayan an tace, wato dusar, sai a juye a wani rami a gangaren bayan shingena. Kwana biyu ta yi tsami, kwana uku ba a iya wucewa ta wurin sai da toshe hanci. Sau uku unguwa ta kai ƙara gaban mai unguwa, sau biyu ni ne a gaba. Wata rana wani jan sa nawa ya tsinke igiya ya faɗa wa sabuwar dusa da aka zubar da safe, ya ci har ya kasa tashi. Na wasa wuƙa na zauna kusa da shi ina jiran ya fara shure-shure. Bai yi ba. Ya yi gyatsa, ya miƙe, washegari ya sake tsinke igiyar.

Daga nan na janye ƙarata na fara shanya dusar a tabarma. Amma lokacin da ake samunta da yawa ruwa bai gama ɗaukewa ba, in ka shanya da safe hadari ya biyo ta da la'asar, abin da ya tsira kaji su gama da shi. Lokacin da shanu ke buƙatarta kuwa, wato bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare dabba tana lasar ƙasa, babu ko cikin tafi. Sai na je wurin mijin Ebele.

Marcellinus shekararsa ashirin da biyu a Funtua. A nan ya koyi gyaran inji, a nan ya yi aure, a nan aka haifi 'ya'yansa uku, kuma in ya fusata da ƙarfe yakan zage shi da Katsinanci tsantsa, har ka waiwaya ka ga ko wani ne ya shigo. Ya saurare ni, sannan ya tsuguna ya zana wani dogon abu a ƙasa da yatsa. Wata bakwai yana haɗa shi daga tsohon tankin tukunyar inji da muka samo a wurin masu tsofaffin ƙarafa. Ranar da aka gama, rabin unguwa ta zo kallo, rabin kuma ta tsaya daga nesa don an ce zai fashe.

Ga waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, Dogo ganga ce ta ƙarfe, tsawonta ƙafa ashirin, faɗinta daidai mutum ya shiga da rarrafe, kwance bisa ƙafafu huɗu masu juyawa. A kai ɗaya akwai murhun tubali da ake hurawa da karan auduga da na dawa. A gefe akwai injin da ke juya gangar da bel, a sama kuma, daidai kan murhun, tankin ruwan da ke sanyaya injin. A cikin gangar an kafe fukafukan ƙarfe shida daga kai zuwa kai, su ne ke ɗaga dusa su watsa ta cikin zafi. A zuba ta jiƙe tana ɗiga ta wannan baki, ta fito ta wancan a bushe ƙarau, tana ƙamshin gasasshen dankali, a ɗura a buhu ta shekara ba ta canza ba.

Muryarsa ba ta da daɗi, amma mun saba. Da safe in an murɗa shi yakan yi tari kamar tsoho, tuf, tuf, sai ya yi shiru kamar ya fasa, sannan tuf-tuf-tuf-tuf ya kama. In ganga ta ɗauki juyi sai ka ji gurum-ɗam, gurum-ɗam, har ƙasa na amsawa a tafin ƙafarka. In bel ya saki yakan ƙara da fyat, fyat. Gidan Marcellinus yana tsallaken layin dogo, amma daga can yake jin abin da ke damun Dogo. Sau da yawa muna tsaye a kansa ba mu ji komai ba, sai ga shi ya taho da sauri da sifana a hannu yana faɗa tun daga nesa, wai mu kurame ne.

Marigayin ya yi wa jama'a hidima. A bazarar da ruwa ya yi jinkiri, shekara biyu da suka wuce, jakuna sun yi layi daga ƙofar rumfata har bakin titi. Fulanin Musawa da ba sa yarda da abincin da ba su ga ya tsiro ba, sai da suka zo. Hajjo, wata dattijuwa mai tallar nono, wadda shanunta tara suka ga damina saboda dusarsa, ta kawo ƙwarya cike ta ajiye a gabansa, ta ce ba ni ta kawo wa ba. Bai taɓa neman hutu ba sai Juma'a. Bai taɓa tambayar dankalin gonar wa aka zuba masa ba, ko saniyar wa za ta ci.

Amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, yana da zafin rai. Ya taɓa fizge ragon maƙwabcina ta igiyarsa ya naɗe shi, aka ciro shi ba a ma san ta inda za a yanka ba. Ya taɓa tsinke bel ya tsaga goshin Buba direba, tabon yana nan. Mafi muni shi ne abin da ya yi wa Mudi, kuma dole in faɗe shi filla-filla, don a nan ajalinsa ya fara.

Ƙa'idar aikin ita ce a kashe wuta ranar Alhamis da yamma, ganga ta huce, ranar Juma'a mutum ya shiga da makankari ya kankare ƙanzon da ya manne a ciki. In ba a yi haka ba ƙanzon zai kama da wuta, dusa ta yi ɗaci, shanu su kau da kai. A shekara ta biyu Mudi, magidanci ne mai hura mana wuta, yana ciki yana kankara, wani sabon lebura da bai sani ba ya ɗauki handil, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ake murɗawa a ta da inji, ya murɗa. Dogo ya juya sau uku da mutum a cikinsa. Marcellinus ne ya ruga ya damƙi bel da hannu tsirara ya fizge shi daga jikin inji, fatar tafinsa ta tafi tare da bel ɗin. Aka jawo Mudi da haƙarƙari biyu a karye, yatsu uku na hagu sun rage a ciki.

Tun daga ranar Marcellinus ya kafa doka. Ya buga ƙusa a jikin ginshiƙin da ke bakin rumfa, a nan handil zai rataya. Duk wanda zai shiga ganga, ko na minti ɗaya ne, sai ya cire handil ya shiga da shi. In ka ga ƙusa ba komai, akwai mutum a ciki. Ni kaina, mai injin, na taɓa leƙa rabin jikina ban ɗauka ba, ya jawo ni ta ƙafa a gaban leburorina ya wanke ni tas. Shekara huɗu hannunsa yana kai wa ƙusar nan kafin ya sunkuya, har ya zama ba ya sanin ya yi.

Mudi ya warke ya ci gaba da aiki shekara biyu. Sannan ya fara barin wuta tana ci ganga na tsaye, ya ƙona mana ɗaukin dusa guda, ya sake ƙona wani. Ni na sallame shi. Marcellinus ma roƙona ya yi in bar shi. Amma a majalisa Mudi cewa yake injin mutumin nan ya cinye masa hannu sannan mutumin ya sa an kore shi. Bai taɓa faɗin wanda ya fizge bel ba.

A watan Mayu da aka yi tashin hankalin farko, aka far wa mutanen Gabas, Marcellinus ya tura 'ya'yansa can garinsu, ya ɗaure kayansa shi ma. Na je na same shi zaune a kan akwati. Na ce kaka na zuwa, dankali ya yi kyau bana, wa zai riƙe Dogo? Na ce ai ƙura ce, ta lafa. Na dafa ƙirji na ce muddin ina numfashi babu mai taɓa shi a garin nan. Ya dube ni ya ce, "To, Alhaji, sai bayan dankali." Ebele ta fara kwance ƙullin da ta ɗaure. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, don ni kullum da shi nake tashi.

Ranar da abin ya faru, muna fitowa daga masallaci muka hangi hayaƙi ta wajen unguwarsu. Ana ihu, ana gudu, wasu na gudu daga wurin, wasu na gudu zuwa wurin. Na nufi rumfa. Ina isa sai ga su sun biyo ta layin dogo, Ebele ba takalmi ba ɗankwali, gaban zanenta jiƙe da jinin da ba nata ba. Gidana ba wurin ɓuya ba ne, kowa ya san nan za a fara dubawa. Dogo kuwa yana kwance a huce, ranar kankararsa ce. Na ce su shiga. Ebele ta fara rarrafawa, shi ya bi ta. Na rufe murfin ƙarfe, na watsa jiƙaƙƙiyar dusa da tsofaffin buhuna a bakin. Na miƙe na juya, sai idona ya faɗa kan ginshiƙi. Ƙusa ba komai. Mutumin da ke gudun ransa, da masu adda a bayansa, sai da hannunsa ya cire handil ya shiga da shi.

Ban kai ga buɗe murfin in karɓo shi ba suka shigo.

Sun kai arba'in. Wasu ban taɓa ganinsu ba, wasu kuwa na san su, na san iyayensu, na ɗura wa jakunansu dusa. A gaba wani ƙato ne baƙon fuska, da adda, jini ya bushe masa har gwiwar hannu. Ya ce, "Alhaji, ina mutanenka?" Na ce sun shiga jirgi tun jiya. Suka bazu. Suka fasa ƙofar sito, suka dinga soka mashi a buhuna ɗaya bayan ɗaya, dusa na kwarara. Wani ya sare jijiyar ƙafar wani farin sa da ke turke, ba don komai ba sai don yana tsaye a hanyarsa, san ya durƙushe yana kuka. Ba su sami kowa ba. Ƙaton ya tofar da yawu ya juya, har wasu sun fara fita.

Mudi yana can baya, ban ma gan shi ba sai lokacin. Ya dubi ƙusa. Ya dube ni. Ya taka zuwa tarin karan auduga, ya rungumo, ya cusa a murhu, ya tsuguna yadda ya saba tsugunawa shekara huɗu, ya ƙyasta ashana. Gwani ne, ban taɓa musun haka ba. Tsinke ɗaya wuta ta kama.

Na ce, "Mudi, yau Juma'a, ba a hura wuta."

Ya ce, "Na sani, Alhaji." Ya ƙara kara.

Gangar da ba ta juyawa in wuta na ƙarƙashinta, kafin kwata na awa cikinta ya yi ja. Ni na sani, shi ya sani, waɗanda ke ciki sun fi mu sani. Akwai wata babbar guduma da nake kafa turaku da ita, jingine a ginshiƙi. Na ɗauka na kai wa tankin ruwa duka daga ƙasa. A bugu na uku ya fashe, ruwan ya zubo gaba ɗaya a kan murhu, tururi ya turnuƙe, tubali suka tarwatse, wuta ta mutu. Da tururin ya washe kowa ni yake kallo, ƙaton nan ya dawo yana juya adda a hannu. Dole in ba su dalilin da zai shiga kunnensu, kuma dalili ɗaya ne ke shiga kunnensu a ranar.

Na ɗaga murya na ce ba ƙona shi za a yi ba, farfasa shi za a yi, don ba na son wani abu da hannun mutanen nan ya taɓa ya kwana a tsaye a wurina. Na kama sunan Marcellinus na zage shi. Na zagi uwarsa da ubansa da garinsu. Na ce shekara biyar yana cutata ina haƙuri. Duk wannan da ƙarfi na faɗa, a taku uku daga inda yake kwance, ƙarfe kuwa ba ya tare magana. Sannan na juya kan injin da nake shafa wa mai da hannuna, na sauke masa guduma a ka. Baƙin mai ya fantsamo mini a fuska. Na sake. Jama'a suka ɗau sowa.

Abin da na so shi ne su huce a kan inji da murhu su bar gangar. Amma wa zai iya yi wa mutum arba'in iyaka? Suka far wa Dogo ta ko'ina, da gatari, da diga, da gora, da duwatsu. A nan marigayin ya yi kukansa na ƙarshe, ƙwam, ƙwam, gwarangwam, kukan da aka ce an ji shi har kasuwa. Ina ganin bakin Mudi yana motsi, yana cewa suna ciki, suna ciki, yana jan rigar wannan yana jan ta wancan, amma ƙarar ƙarfe ta danne shi, ba wanda ya ji. Da ya ga haka sai ya nufi murfin da kansa, ya fara ture buhunan. Gudumata ta same shi a muƙamuƙi. Na gaya wa 'yan doka kuɓuce mini ta yi. Ga shi yanzu a rubuce kowa ya gani, ba kuɓucewa ta yi ba.

Daga ƙarshe suka sa sanduna suka ture gangar daga kan ƙafafunta. Ta faɗo ƙasa, ta mirgina ta bi gangare, tana juyi da mutum biyu da fukafukan ƙarfe shida a cikinta, ta karya shinge, ta faɗa ramin ruɓaɓɓiyar dusa ta nutse rabi. Warin da ya tashi ya mayar da su baya. Sai wani ya yi kira daga titi cewa an gano wasu a gidan burodi, suka kwasa da gudu. Ɗaya ya tafi da bel a kafaɗa. Biyu suka ja Mudi.

Na shiga ramin har ƙugu na buɗe murfi. Ebele tana raye. Ta cusa gefen zanenta a baki don kada ta yi ihu, ta cije har haƙoranta sun ratsa zanen sun shiga leɓe. Marcellinus yana kwance a kanta, ya rufe ta da jikinsa. Jini na fita daga kunnuwansa biyu. Bakin diga ya huda gangar ya same shi a baya, ƙasan haƙarƙari. Na fara ce masa zagin nan duk ƙarya ne, na rantse, na maimaita. Ya zuba wa bakina ido, sannan ya girgiza kai ya nuna kunnensa. Zagin ya ji shi sarai, shi ne kusan abu na ƙarshe da ya ji. Ban haƙurin bai ji ba. Ebele ta ce za ta rubuta masa in an sami takarda. Ban sani ba ko an samu.

Asibiti ba ta zuwuwa, hanyoyi duk a tsare, gidana kuma da idanu a kansa. A cikin gangar suka zauna. Matata Maijidda ta ratsa ramin ta shiga da rarrafe, ta wanke raunin da ruwan gishiri, ta ɗaure da sabon mayafinta, ta bar musu goran ruwa biyu da dabino da ƙuliƙuli. Da safen Asabar na kira Buba, wanda ke kai mini shanu kudu a babbar motarsa, na gaya masa gaskiya. Ya shafa goshinsa ya ce a ɗora. Na sanar cewa gawar Dogo za ta tafi wurin masu narka ƙarfe. Da shanu biyu da igiyoyi da maza ashirin aka jawo shi daga rami aka hau da shi mota, kuma cikin mazan akwai huɗu da na gani da gatari ranar Juma'a, suna ta yi mini jaje. Aka rufa tamfol. Motar ta tashi tana ɗigar da ruwan wari.

Marigayin ya bar ƙafafu huɗu na ƙarfe, tsaye a inda suke ba abin da za su ɗauka. Ya bar rabin murhu, da kan inji a fashe, da tankin da ba zai sake riƙe ruwa ba. Ya bar shanu talatin a turke, waɗanda har yau da hantsi suke juya kai wajen rumfa, ban da farin san da dole aka yanka. Ya bar gonakin dankali daga nan har Ƙarfi da aka shuka saboda shi, ga su sun nuna ba mai gurzawa. Ya bar Hajjo, wadda ta zo shekaranjiya ta tsaya a bakin shinge ta kalli wurin ta koma ba ta sauke ƙwaryarta ba. Ya bar ni.

Game da jana'iza, an riga an yi ta, ban halarta ba. Buba ya dawo a kwana na shida, shi ya kawo bayani. Shinge uku suka tarar a hanya, a kowanne masu sanduna sukan ɗaga gefen tamfol, wari ya buge su, su ce ya wuce. Bayan Kaduna ya ratse cikin daji ya buɗe murfi. Marcellinus ya sha ruwa, ya dafa ƙasan motar da tafin hannu yana jin rawarta, ya yi wa Buba alama da yatsa cewa akwai abin da ya saki a ƙarƙashi. Buba ya duba, da gaske ne, ya ɗaure. Washegari, saura kaɗan su kai bakin kogi a Lokoja, ya sake ratsewa ya buɗe. Ebele tana zaune a duƙe da kan mijinta a cinyarta. Ya daɗe da cikawa. Ba ta ƙwanƙwasa ba, don kada motar ta tsaya a wurin da bai kamata ba.

Buba ya haƙa kabari da shebur ɗin mota a gefen hanya, ƙarƙashin wata ɗorawa. Ebele ta yi addu'ar addininsu, ta ɗaure itace biyu ta kafa. Sannan suka kwance igiyoyi, Buba ya ja motar gaba, Dogo ya zame ya faɗi kusa da kabarin, a nan aka bar shi. Ebele ta shiga jirgin ruwa ta haye. Saƙonta gare ni gajere ne, Buba ya kawo shi yadda ta faɗa. Ta ce, "Ka ce wa Alhaji na gode. Ka ce masa kuma kada ya neme ni."

Digar da ta huda shi ba a hannuna take ba, amma ni na nuna mata hanya. Da ban ɗaga guduma ba da wuta ta gasa su biyun. Da ban je na same shi a kan akwatinsa a watan Mayu ba, da yanzu yana can cikin 'ya'yansa yana zagin wani ƙarfe. Na auna wannan ta kowace fuska, ba ta inda yake yi mini sauƙi.

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, na kuma sani. Masu ƙaunata sun ce kwanakin nan ba na zaman makokin irin su Marcellinus ba ne, in rufa wa kaina asiri. To, na ji. Na injina nake yi, ban ga wanda zai hana mutum kukan injinsa ba. Za a shimfiɗa tabarmi a rumfar marigayin kwana uku, daga Alhamis mai zuwa, tun hantsi har la'asar. Ba za a dafa komai ba, akwai ruwa a randa. Masu shanu su zo. Waɗanda suka zo ranar Juma'ar nan da gatari su ma su zo, na san fuskokinku, akwai wurin zama, zan miƙa muku hannu. Mudi an ɗauke masa zuwa, na ji har yanzu da kara yake shan kunu. Duk wanda ya durƙusa ya ce mini ya haƙurin Dogo, zan amsa masa da godiya. Wanda kuma ya san ɗaya sunan, na wanda ya ƙera shi, don Allah ya faɗe shi da ƙarfi, domin tun da Buba ya dawo ban ji shi a bakin kowa ba a garin nan.